Sojojin Dalma Ba Su Zubar da Jini, Amma Suna Ba da Shaida

A gidan adana tarihin sojojin Birtaniya da ke Landan akwai wani faffaɗan teburi da aka killace da gilashi. A kansa an fitar da tuddai da kwaruruka da gonaki, an jera ƙananan mutum-mutumin sojoji sama da 70,000, kowanensu bai kai gaɓar yatsa ba. Hoton filin yaƙin Watalu ne, inda aka karya Napoleon ranar 18 ga Yuni, 1815. Wani hafsa mai suna William Siborne ne ya gina shi. Ya kwashe wata takwas a filin yana awo, ya kuma aika wasiƙu ga ɗaruruwan hafsoshin da suka tsira, yana tambayar kowa inda rundunarsa take da misalin ƙarfe bakwai na yammacin ranar. Ya kammala aikin a 1838.

Nan rigima ta tashi. Amsoshin da ya tattara sun nuna cewa a wannan sa'a sojojin Purushiya, ƙarƙashin Blücher, sun riga sun iso da yawa suna gwabzawa da Faransawa ta gefen dama. Wannan bai yi wa Wellington, kwamandan Ingila, daɗi ba, domin labarin da ya bazu a ƙasarsa ya fi jingina nasarar gare shi. Gwamnati ta janye tallafinta, bashi ya hau kan Siborne, daga baya ya kwashe dubban sojojin Purushiya daga kan teburin. Ɗan tarihi Peter Hofschröer ya rubuta littafi sukutum a 2004 yana kafa hujjar cewa matsin lamba ne ya tilasta masa.

Darasin wannan labari a bayyane yake: jera ƙananan sojoji a kan teburi magana ce game da abin da ya faru. Wanda ya jera su ya faɗi su wa suka halarta, nawa ne, ina suka tsaya, wa ya yi abin a yaba. Saboda haka sha'awar tara waɗannan sojoji da fentinsu da wasan yaƙi da su, wadda ake yi wa kallon shirmen dattawan Turawa, ta cancanci a auna ta da ma'aunin da ake auna littafin tarihi.

Ga yadda abin yake a yau. Mai sha'awa yana sayen sojojin dalma ko na roba, mafi yawa masu tsayin milimita 28 ko 15. Yana zama da siririn burushi ya fente su ɗaya bayan ɗaya, bayan ya binciki launin riga da tuta da ɗamarar kowace runduna. Bataliya guda kan ci makonni. Sannan mutum biyu ko fiye su haɗu a teburi, da littafin ƙa'idoji da tef ɗin awo da ƙwayar ludo mai fuska shida. Ƙa'ida ce ke faɗin nisan da dakaru za su yi a kowane zagaye, da nisan da doki zai yi, da inda harsashi zai kai. Ƙwayar kuma ita ce ke wakiltar abin da babu mai iko da shi: tsoro, ruwan sama, manzon da ya ɓata a hanya.

Asalin wannan tsari ba wasa ba ne. A 1812 wani ɗan Purushiya, Georg Leopold von Reisswitz, ya gabatar wa sarkinsa teburin gwajin yaƙi. Ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara shi ya buga ƙa'idojinsa a 1824. Ya yi amfani da taswirar gaskiya, da ƙananan tubalan ƙarfe ja da shuɗi a madadin runduna, ba surar mutum ba, da kuma alƙali a tsakani. Alƙalin kaɗai ke ganin komai. 'Yan wasa suna rubuta umarni su miƙa masa, shi kuma ya gaya wa kowa iyakar abin da sojojinsa za su iya hangowa. Shugaban hafsoshin ƙasar, Janar von Müffling, ya gani ya ba da shawarar a rarraba shi ga runduna. Bayan Purushiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin wasu ƙasashe suka ɗauki tsarin.

A nan amfanin abin yake. Mai karanta tarihi ya riga ya san ƙarshen labari, don haka kowane kwamanda da ya sha kashi sai ya zame masa wawa. Teburin wasa yana ƙwace masa wannan gata. Dole ya yanke shawara bai san abin da ke bayan tudu ba, ya jira umarninsa ya isa, ya ga yadda gada guda ke tsayar da runduna. Wanda ya taɓa zama a wannan kujera ba ya saurin cewa da shi ne da ya yi kaza.

Akwai suka mai nauyi, kuma ba za a kauce mata ba. Sojan dalma ba ya kuka, ba ya barin marayu. Idan ya faɗi, a akwati ake mayar da shi, gobe a fito da shi. Marubuci H. G. Wells, wanda littafinsa Little Wars na 1913 ya mayar da wasan abin nishaɗin farar hula, ya hangi wannan suka. Shi da abokansa suna rarrafe a ƙasa suna harbin sojojin dalma da ƙaramar igwa mai sifirin. Hujjarsa ita ce duk wanda ya yi ƙaramin yaƙi sau kaɗan zai gane irin wautar babban yaƙi. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Teburi bai hana kowa komai ba. Abin da yake iya koyarwa shi ne yadda ake yanke shawara cikin duhu. Ciwon yaƙi kuwa sai a neme shi a bakin waɗanda suka ɗanɗana.

Sukar ta fi tsanani idan aka zo ga yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, waɗanda suke da farin jini ƙwarai a wannan fage. Tun 1979 ƙa'idojin The Sword and the Flame suka yaɗa irin wannan wasa a Amurka, kuma kamfanin Perry Miniatures na Ingila yana sayar da Ansar ɗin Mahadin Sudan a cikin kwali. To amma a Omdurman, ranar 2 ga Satumba, 1898, Ansar kusan 10,000 ne suka kwanta dama a gaban igwa da bindigar Maxim, yayin da rundunar Kitchener ta rasa ƙasa da mutum 50. Wannan ba gasa ba ce. Mai tsara wasan yana da zaɓi biyu. Ko dai ya mayar da Ansar taron da ke rugowa a yi ta harbi, ko kuwa ya tambayi abin da su suke so su cimma, da abin da suka sani, da zaɓin da ke gaban Halifa Abdullahi a daren da ya gabata. Na farko ya maimaita rahoton mai nasara da fenti. Na biyu ya yi aikin ɗan tarihi.

Wannan tambaya ba ta tsaya a bakin kogin Nilu ba, domin bindigar da ta yi aiki a Omdurman ta iso Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, ta isa Sakkwato ranar 15 ga Maris. A Burmi, ranar 27 ga Yuli, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, kuma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja mabiya har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Wanda zai jera Burmi a teburi da gaskiya, aiki ja ne a gabansa. Sai ya san cewa mutanen garin sun kori harin farko na watan Mayu, kuma kwamandan harin na biyu, Manjo Marsh, a can ya mutu. Sai ya bambanta ɗan lifidi da mai sulke, ya san matsayin 'yan baka da 'yan bindiga, ya fitar da ganuwa da ƙofofinta. Abu mafi ɗaci, idan ya zo fentin sojojin da ke bayan Maxim, zai tarar hafsoshi kaɗan ne fararen fata. Yawancin masu riƙe da bindiga 'yan ƙasa ne, Hausawa da yawa a cikinsu. Burushi ba ya barin mutum ya tsallake wannan, tunda kowace fuska sai an ba ta launi.

Kayan wannan aiki ba a Landan suke ba. Lifidi da kwalkwali da mashi suna fitowa kowane hawan sallah, sunayen sarakunan yaƙi suna nan a fadoji, waƙoƙi da labaran hijira suna bakin zuriyar waɗanda suka tafi gabas. Idan masu wannan ilimi ba su faɗi yadda kakanninsu suka tsaya a fili ba, wani zai jera su yadda ya ga dama, ko ya bar su a akwati. Sojojin Purushiya da Siborne ya kwashe sun sami ɗan tarihin da ya ƙirga su bayan shekara fiye da 160. Mutanen Burmi su ma sun cancanci mai ƙirga su.