Wa zai biya kuɗin rubuta tarihin Mbum?

Sunan garinmu ma da harshen Mbum aka raɗa shi: Ngawundere, dutse mai cibiya. Amma tsaya a kasuwa ka kasa kunne. Fulatanci da Faransanci da Hausa ne za su cika maka kunne, Mbum kuwa sai ka yi sa'a.

A 1993 cibiyar karatu da ke Dang, kusa da garinmu, ta zama cikakkiyar jami'a. Marwa ta samu tata a 2008, Garwa a 2022. Tsarin mulkin 1996 ya ɗora wa ƙasa kare harsunan gida da ɗaukaka su, a 2017 kuma aka kafa hukumar da za ta kula da harsuna biyu na gwamnati da zaman tare na al'adu. A takarda dai an yi mana komai.

To, wa ya ɗauki nauyin aikin rubuta tarihinmu? Marigayi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin fadar Lamido bayan fadar Lamido, yana rubuta abin da dattawa suka riƙe a ka. Wasu manyan littattafansa a Tokiyo aka buga su, shi kuma a Maiduguri ya rasu a 2004. Shirin Ngawundere-Anthropos, wanda ya yaye masana da dama, da haɗin gwiwar Jami'ar Tromso da kuɗin Norwe ya tsaya da ƙafarsa. Mun gode musu ƙwarai, sai dai kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu masu manyan harsuna muna cikin waɗanda ke danne ƙanana, ko da ba da gangan ba. Yaron Dii ko Mbum ya taso a unguwa da Fulatanci, a makaranta da Faransanci, kakarsa ta yi masa tatsuniya ya kasa kamawa. Hausa ba ta cikin haɗari. Tana da Kano da Zariya. Mbum ba ta da inda za ta kai kukanta sai Dang.

Don haka roƙona ga ma'aikatar ilimi mai zurfi ƙarami ne. A ware kuɗi a kasafin kowace shekara, wanda zai kai ɗalibi Ngan-Ha wurin Belaka, sarkin Mbum, da na'urar ɗaukar murya, ya ciyar da shi wata uku, ya buga abin da ya kawo. A ɗauki malaman waɗannan harsuna aikin dindindin, tun dattawan da za a tambaya suna raye.