GIWA A LUNGUN TUDUN WADA

Duk wanda ya san Zariya ya san Tudun Wada. Ita ce unguwar da ke tsakanin Birni da Sabon Gari, wanda ya fito ta Ƙofar Doka zai nufi tashar jirgi sai ya ratsa ta. An kafa ta tun farkon zamanin Turawa, sa'ad da abin hawan mutane bai wuce doki da jaki ba, sai kuwa keke ga wanda Allah ya ɗaukaka. Saboda haka in ka bar manyan tituna ka shiga lunguna, za ka tarar ga lambatu dama da hagu, ga teburan masu sayarwa, ga yara suna kai da kawowa, abin da ya rage na hanya ɗan kaɗan ne.

Wata rana da damina ina tsaye a bakin ɗaya daga cikin lungunan nan, sai ga wata ƙatuwar mota ta kunno kai, irin a-kori-kuran nan na zamani da aka ce don daji aka ƙera su. Tayoyinta sun kai ƙugun mutum, hancinta ya kai ƙirji. Ta cika lungun nan fam, ba ta bar ko hanyar akuya ba. Can tsakiya ta yi kiciɓis da wani mai keke Napep ya ɗauko mace tana naƙuda za a kai ta asibiti. Mai keke ba shi da wurin raɓewa, mai mota kuwa ya kasa ja da baya, don ba ya ganin abin da ke bayansa. Sai da samari suka taru suka ɗage tebura uku, suna yi masa ishara da hannu, kana ya fita. Da ta wuce na leƙa bayanta don in ga irin kayan da ya sa aka wahalar da baiwar Allah nan. Wallahi ba kome ciki sai kwalin ruwa guda.

To, jama'a, abin da na ke so in faɗa ke nan, ba kuwa zan yi kwana-kwana ba. Girman mota ba shi ne ƙarfinta ba. Waɗannan manyan motocin daji ba su yi wa gari ba, ba su kuma yi wa manomi ba. Kada ku yarda da ni don na faɗa, ku zo mu auna, tun da yanzu kun iya karatu kun iya lissafi.

Bari mu fara da asali. Land Rover ta fari an fito da ita a Ingila cikin 1948, domin manoma. Tsawonta ƙafa 11 ne, faɗinta kuwa ƙafa 5 da ɗan ɗoriya. Da irinta ma'aikatan gona da na asibiti suka ratsa ƙauyukan ƙasar nan tun ba a shimfiɗa kwalta ba. Cikin 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, a-kori-kura 404 da ƙanwarta 504 suka zama jakunan ƙasar Hausa. Akwatin bayan 504 ya kai ƙafa 6 da rabi, tana ɗaukar kusan tan guda, watau buhu 10 na masara. Tsofaffin direbobin Soba da Maƙarfi da Hunƙuyi su ne shaida. Toyota Hilux kuma da aka fara ƙerawa cikin 1968, tsawonta bai cika ƙafa 14 ba. Wadda aka fito da ita cikin 2015 mai ƙofa huɗu ta kai ƙafa 17 da rabi, amma akwatin kayanta ƙafa 5 ne kacal. Ka ga mota ta ƙaru, wurin kaya ya ragu. Ina ƙarin ya tafi? Ya tafi wajen kujeru masu laushi.

Wannan ma da sauƙi, don Hilux har yanzu motar aiki ce. Inda abin ya ɓaci shi ne waɗanda aka ƙera don Amurka, masu kuɗinmu suna ɗaukowa, irin su Toyota Tundra da Ford Raptor. Tsawon kowacce ya kai ƙafa 19. Faɗin Raptor ya wuce ƙafa 7, har dokar Amurka ta tilasta a sa mata 'yan fitilu a goshi irin na manyan motocin kaya, don ta haye inci 80. Ita kanta nauyinta ya fi tan biyu da rabi. To, nawa ta ke ɗauka? Kamfanin da ya yi ta ya ce wadda ya fitar cikin 2021 kada a ɗora mata fiye da kilo 635 ko kusa da haka, har da direba da wanda ya ɗauko. Watau in direba ya shiga, buhu 6 ma ba su samu ba. Tsohuwar 504 da a ke yi wa dariya ta kusa ninka ta. Akwatinta kuma ƙafa 5 da rabi ne, alhali 'yar ƙaramar Hijet ta Japan, wadda tsawonta duka ƙafa 11 ne, nata akwatin ya wuce ƙafa 6. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai mu auna ta wajen ci. Manyan nan da ƙyar su ke yin kilomita 7 da lita guda. Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa sai mota ta shanye fiye da lita 20. A da ba a san wannan magana ba, amma ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, kowa ya san ta. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000 a wurare da yawa. Dabbar da ta ci abincin raƙumi ta ɗauki kayan jaki, wane Bahaushe ne zai ajiye ta a gidansa? In ta lalace kuma, ba irin wadda bakanike zai kwance a gindin bishiya ba ce. Cikinta cike ya ke da kwamfuta, kayan gyaranta sai an aika nesa, mota ta yi wata tana kwance.

Na san abin da masu ita za su ce. Za su ce, "Malam, ai hanyoyinmu ba su da kyau, in ruwa ya sauka sai mai ƙarfi." Gaskiya ne hanyoyin ƙauye suna ɓaci da damina, ba na musun wannan. Malamin gona da mai allurar rigakafi da mai ɗauko tumatir daga fadamar Galma suna bukatar motar da tayoyinta huɗu duka ke ja, wadda kuma cikinta ya ɗaga daga ƙasa. Amma wannan dabam, ƙiba dabam. Hanyar ƙauye ƙafar mutum da amalanken shanu suka fitar da ita, gona ta matse ta dama da hagu, kwalbatinta ƙunci gare shi. Mota mai faɗin ƙafa 7 in ta shiga, ko ta tattake dawar mutane, ko tayarta ta zame cikin rami. A cikin taɓo kuwa nauyi abokin gaba ne. Ƙaramar mota in ta kafe, samari shida sun isa su tura ta. Mai tan biyu da rabi in ta nutse, sai a nemo tarakta. An yi Raptor don tsere cikin faffaɗan hamada inda ba gona ba gida, ba don laka da kunya ba. Ku tuna yaƙin Cadi da Libiya cikin 1987, wanda duniya ta sa wa suna Yaƙin Toyota. Sojojin Cadi sun kori masu tankokin yaƙi da a-kori-kura marasa ado, marasa nauyi. Sauƙinsu da zafin namansu ne suka yi aiki.

Saura magana mafi nauyi, ita ce ta rai. Cikin 2023 wata cibiya ta kamfanonin inshora a Amurka, wadda a ke kira IIHS, ta binciki haɗari kusan 18,000 da mota ta buge mai tafiya a ƙasa. Ta gano motar da tsayin hancinta ya wuce inci 40 ta fi saurin kashe wanda ta buge da wajen kashi 45 cikin 100, in an gwada ta da mai hanci gajere mai gangara, wanda bai wuce inci 30 ba. Dalili a fili ya ke. Gajeriyar mota ƙafafu ta ke duka, mutum ya faɗa bisa hancinta. Doguwa kuwa ƙirji da kai ta ke duka, ta tura mutum ƙasa ta bi ta kansa. Inci 40 shi ne tsayin yaro ɗan shekara huɗu. In yaron nan ya tsaya dab da gabanta, direba ba ya ganinsa ko kaɗan. In haka ta faru a ƙasar da aka ware wa masu tafiya a ƙasa tasu hanya, ina ga Tudun Wada, inda 'yan makaranta da almajirai da 'yan talla ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da motoci?

Wani zai ce kuɗinsa ne, ya sayi abin da ya ga dama. Haka ne, kuɗin naka ne, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amma lungun ba naka ba ne, na jama'a ne, yaron da ke wasa a ciki kuma ɗan wani ne. Mu faɗi gaskiya, yawancin motocin nan ba su taɓa taka laka ba, daga gida sai ofis, daga ofis sai wurin ɗaurin aure. Ba daji a ke tsoro ba, so a ke a gani. Girman da a ke nema da faɗin taya kuwa, ranar da mai ya ƙare ya ƙare.

Saboda haka ga shawarata. Kai manomi ko ɗan kasuwa, ko ku 'yan ƙungiya da kuka tara kuɗi za ku sayi motar aiki, ku tafi da igiyar awo. Ku auna akwatinta, ku auna lungun gidanku da hanyar gonarku. Ku karanta takardar da ke manne jikin ƙofarta ku ga nauyin da aka yarda ta ɗauka, ku raba da nauyin buhu. Ku tambayi kilomita nawa ta ke yi da lita, ku kuma tambayi bakanikenku ko ya san cikinta. Masu sayen mota da kuɗin jama'a su ma haka ya kamata su yi, har su fi kowa tsanantawa, don amana ce. Wanda kuma ya riga ya sayi giwarsa, ya ajiye ta bakin babban titi ya shiga lungu da ƙafa, ba abin da zai ragu a mutuncinsa.

Kakanninmu sun san doki, sun san raƙumi, amma da za su kai taki gona jaki suka ɗaura wa mangala. Allah ya ba mu irin hankalinsu, amin.