Sinéad O'Connor: Mawaƙiyar da aka kira mahaukaciya kafin maganarta ta tabbata

A daren 3 ga Oktoban 1992, wata matashiya mai askakken kai ta tsaya gaban kyamara a shirin talabijin na Saturday Night Live a Amurka. Ta rera waƙar War ta Bob Marley ba tare da kiɗa ba, sannan ta ɗaga hoton Fafaroma John Paul na Biyu ta yayyaga shi. Sinéad O'Connor ce, 'yar ƙasar Ireland mai shekara 25, kuma abin da take nufi shi ne cocin Katolika na rufa wa masu cin zarafin yara asiri.

A lokacin tauraruwarta na tsakiyar haskawa. Kundinta na farko, The Lion and the Cobra, ya fito a 1987, kuma ita ta rubuta yawancin waƙoƙinsa. A 1990 waƙar Nothing Compares 2 U, wadda Prince ya rubuta, ta kai ta ko'ina a duniya. Bayan yaga hoton sai komai ya juya. Makonni biyu kacal, dubban mutane suka yi mata ihu a wani bikin karrama Bob Dylan a birnin New York, aka riƙa kiranta mai taɓin hankali.

Babu laifi a ce hanyar da ta bi ta yi tsauri. Ta sosa ran miliyoyin mabiya Katolika da ba su ci ba ba su sha ba. Sai dai hayaniyar hoton ta danne maganar yaran, alhali mai maganar ta san ciwon a jikinta. Ta sha faɗa cewa mahaifiyarta ta azabtar da ita tana ƙarama, kuma hoton da ta yaga ɗin daga ɗakin uwar ta ɗauko shi. Tana da shekara 15 aka kai ta wani gidan gyaran hali da matan coci ke gudanarwa a Dublin, inda ta yi wata 18. A can ne wata daga cikinsu ta ba ta jita.

Sai da aka yi shekara 17 kafin Rahoton Ryan na 2009 ya tabbatar da cewa duka da lalata da yara sun yi katutu a gidajen da ƙungiyoyin coci ke kula da su a Ireland. A 2010 Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta wasiƙa yana ba waɗanda abin ya shafa haƙuri.

Musulmi da dama ba su san sunanta ba sai a 2018, lokacin da ta musulunta ta zama Shuhada' Sadaqat, hotunanta da hijabi suka cika kafafen sada zumunta. Murnar ta dace, amma zai zama rashin adalci a ɗauki hijabin a bar abin da ta yi fama a kai. Zaluntar yara da sunan tarbiyya bai taƙaita ga addini ɗaya ba: a Satumbar 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300, har da ƙananan yara, wasu cikin mari, daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna.

Ƙarshen rayuwarta ya zo da nauyi. Ɗanta Shane ya rasu a Janairun 2022 yana da shekara 17, ita kuma ta bi shi ranar 26 ga Yulin 2023 a Landan, tana da shekara 56. Ranar jana'izarta dubban mutane sun cika bakin teku a garin Bray, Sheikh Umar Al-Qadri ya jagoranci addu'a, shugaban ƙasar Ireland da firaministanta suna cikin mahalarta.