Mai jinyar karaya da Bahar Maliya: a tambayi likitan gashi kafin a biya kuɗin tikiti

Tun ƙarnonin da suka shuɗe mutanen Borno suke ƙetare Bahar Maliya. Maniyyatan da suka bi hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan sukan isa Sawakin, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma burinsu kawai shi ne su kai gaɓa lafiya. Yau tekun ya zama wurin shaƙatawa. A watan Disamban 2024 jirgin yawon buɗe ido na AROYA ya fara ɗaukar fasinjoji daga Jidda, ga kuma Sharm el-Sheikh ta Masar da ta daɗe tana jan baƙi. Wanda ya tashi daga Maiduguri ko Abuja domin Umara, ko domin a duba masa ƙafa a asibitocin Alƙahira, yana iya samun tayin ƙara 'yan kwanaki a kan teku, har da fita ninkaya da tabarau da bututun numfashi don kallon kifaye da murjani.

Ga mai cikakkiyar lafiya wannan nishaɗi ne. Ga wanda bai gama warkewa daga karaya, targaɗe ko tiyatar gwiwa ba, shawara ce ta likita, kuma ya kamata a yanke ta a ɗakin likitan gashin ƙashi tun kafin a biya ko sisi. Maiduguri ba ta rasa masanan ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da sashen ƙashi da na gashi, kuma a harabarsa ne ƙungiyar agaji ta ICRC ta buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi a 2020. Tambayar minti goma a can ta fi duk hotunan da kamfanin tafiya zai nuna.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, wahalar fitar tana wajen shiga ruwa da fitowa daga cikinsa. Yawancin ziyarar da ake kaiwa gandun Ras Mohammed, wanda Masar ta keɓe tun 1983, da ƙaramin jirgi ake yin ta. Mutum zai sauka tsakiyar teku, bayan ya gaji kuma ya hau tsanin ƙarfe mai santsi, jirgin yana rawa da igiyar ruwa, nauyin jikinsa duka a kan gwiwa ɗaya da kafaɗa ɗaya. Faffaɗan takalman robar da ake ninkaya da su suna matsa wa idon sawu da gwiwa a kowane bugu. Kwale-kwale mai gudu kuwa yana dukan ruwa, dukan yana kaiwa ga ƙashin baya. Ƙashin babban mutum yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, jijiyar gwiwa da aka yi wa aiki kuma takan buƙaci watanni. Daina jin ciwo ba ya nufin an warke.

Sai batun rauni. Ruwan gishiri mai ɗumi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Vibrio, waɗanda suke shiga ta ɗinkin da bai rufe ba, kuma haɗarinsu ya fi tsanani ga masu ciwon suga ko ciwon hanta. Simintin da ake ɗaure karaya da shi yana lalacewa idan ya jiƙe. Wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini bayan tiyata zai iya zubar da jini mai yawa daga ɗan yankan murjani.

Za a iya cewa ai likitoci da kansu suna tura masu jinya motsa jiki cikin ruwa. Gaskiya ne, domin ruwa yana rage wa gaɓoɓi nauyi. Amma wannan a kwarmin wanka ake yi, inda ƙafa take taɓa ƙasa kuma masani yana tsaye a gefe. Teku yana da igiya mai jan mutum nesa da jirgi ba tare da ya ankara ba. Mutumin da iyakar saninsa da ruwa shi ne Kogin Ngadda da Tafkin Alau bai kamata ya fara koyon teku da ƙafa ɗaya ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Wannan ba ya nufin mai jinya ya kulle kansa a ɗaki. Idan likita ya amince, a zaɓi fitar da ake shiga ruwa daga gaɓa mai yashi, mutum ya taka a hankali ya tsaya inda ya ga dama. A sa rigar kariya daga nutsewa ko da an iya ninkaya, a zaɓi ƙaramin ayari mai jagora a cikin ruwa, a kuma sanar da shi raunin tun a kan tudu. Idan likita ya ƙi, akwai jirage masu gindin gilashi da ake kallon murjanin daga cikinsu ba tare da an jiƙa ko yatsa ba.

A nan nauyi ya rataya a wuyan hadimai, domin su ne suke shirya wa manya tafiya. Kafin hadimi ya biya, ya tambayi kamfanin ta ina ake shiga ruwa, minti nawa ake yi cikin ƙaramin jirgi, ko ana mayar da kuɗi idan an fasa, da kuma ko inshorar tafiyar ta amince da raunin da aka riga aka zo da shi, domin da yawa ba sa biya idan ba a bayyana shi ba. Ya sani kuma cewa babban jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kamfanin waje ya makara. Hadimin da ya iya ce wa maigidansa, “Ranka ya daɗe, wannan fitar ba ta dace da ƙafarka ba,” ya fi amfani a kan wanda ya yi shiru don gudun ɓacin rai.

Ma'aikacin gwamnati kuma ya yi lissafi. Inshorar NHIA an tsara ta ne domin asibitocin cikin gida, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta shafi raunin da aka samu a bakin aiki ne. Idan ƙashi ya sake gocewa a kan tsanin jirgi, tiyata ta biyu da kuɗin waje za a biya ta, daga aljihun iyali, sannan hutun jinya ya ƙara tsawo. Babban tarkon shi ne a ce ai an riga an biya, ko a ji kunyar abokan tafiya. Kuɗin fita ɗaya ba su kai kuɗin gwiwa ba, murjanin kuma yana nan har baɗi.