Hattara Da Masu Zuwa Jaje Da Wuƙa A Aljihu

Akwai wani irin ciniki da ya samo asali a Turai cikin shekarun 1960, wanda ake sayar wa mutum haƙƙin zama na mako ɗaya ko biyu a kowace shekara a wani gidan hutu, sauran makonnin kuma a sayar wa wasu. Watau gida ɗaya ne, amma masu shi da yawa, ana karɓa-karɓa. Wanda ya saya zai riƙa biyan kuɗin gyara da kula da gidan kowace shekara, ko ya je ko bai je ba, kuma kuɗin nan hawa yake yi. Da tsufa ya zo, ko aljihu ya yi sanyi, sai mutum ya nemi sayar da makonsa, sai ya tarar babu mai saye. To, a nan ne 'yan damfara suke jiransa.

Hanyarsu ɗaya ce. Za a buga wa mai gida waya a ce ga wani attajiri ya ga makonsa yana so, har ya yi tayi mai tsoka. Amma kafin a biya shi, sai ya fara aika kuɗin haraji, da na lauya, da na canjin takardu. Da ya aika sai wani kuɗin ya ɓullo. Haka za a yi ta tatsarsa har ya gane babu attajiri, babu ciniki.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2001 wata kotu a Landan ta ɗaure John Palmer shekara 8 saboda ya damfari dubban mutane, yawancinsu tsofaffi, da irin waɗannan gidaje a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. A Amurka kuma hukumar FBI ta bayyana cewa daga 2019 zuwa 2023 mutane wajen 6,000 sun kai ƙarar asarar kusan dala miliyan 300 ta wannan hanya, kuma Baitulmalin Amurka ya ɗora alhakin da yawa daga ciki a kan ƙungiyar masu fataucin ƙwaya ta Jalisco, wadda ke da ɗakunan buga waya a yankin Puerto Vallarta na ƙasar Meziko.

Abin da ya fi muni shi ne zagaye na biyu. Bayan an kwana biyu sai wata murya ta sake kiran wanda aka cuta, ta ce lauya ce, ko jami'in gwamnati, ko ma'aikacin banki. Za a ce masa an kama ɓarayin, an gano kuɗinsa, saura kawai ya biya ɗan wani abu a sakar masa. Mai kiran ya san sunansa, ya san nawa ya yi asara, saboda haka sai ya amince. Bai sani ba, ko dai ɓarayin farko ne suka sake riga, ko kuwa sun sayar da sunansa ga 'yan'uwansu. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Gidajen hutu na karɓa-karɓa ba su yawaita a Nijeriya ba, amma wannan zagaye na biyu ya riga ya iso. Lokacin da shirin CBEX ya rushe a watan Afrilu na 2025 da dukiyar jama'a, sai aka ce wa waɗanda kuɗinsu ya maƙale su sake zuba dala 100 ko 200 wai don a tantance su kafin a biya su. Mutanen da ba su gama kukan asarar farko ba, su aka nema da ta biyu.

Saboda haka wajibi ne jama'a su riƙe ƙa'ida ɗaya: duk wanda ya ce a ba shi kuɗi tukuna kafin ya ƙwato wa mutum kuɗinsa, ɓarawo ne har sai ya nuna ba haka ba. Mai saye na gaskiya shi ke kawo kuɗi, ba shi ke karɓa ba. Hukumar EFCC ba ta karɓar ko kwabo don a shigar da ƙara. Wanda aka kira ya ajiye wayar, ya tafi da ƙafarsa ofishin da aka ambata ya tambaya.

Har ila yau, kunya ita ce babbar garkuwar ɗan damfara. Dattijo da aka cuta yakan ɓoye wa iyalinsa don kada a yi masa dariya, shi ya sa idan aka sake kiransa ba shi da wanda zai yi shawara da shi. Ya kamata dangi su daina gori, su ja irin waɗannan mutane a jiki.

Ita kuma gwamnati, dokar hana damfara ta 2006 tana nan. Abin da ya rage shi ne aiki da ita. Bankuna su sa ido kan asusun da ake tara irin waɗannan kuɗaɗe, 'yan sanda da EFCC su riƙa bayyana a rediyo cikin harsunan da talakawa ke ji, su faɗi inda ake kai ƙara da yadda ake mayar da kuɗin da aka ƙwato. Muddin hukuma ta yi shiru, ɗan damfara ne zai yi magana da sunanta.