Horon Sanin Makamar Aiki: Ɗalibi Ko Ɗan Aike?

A shekarar 1973 ne hukumar ITF mai hedkwata a Jos ta ƙirƙiro shirin SIWES, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa ɗaliban da ake yayewa sun san littafi, amma hannunsu bai san aiki ba. Manufa ce kyakkyawa, domin gani ya kori ji. To, amma me ɗalibin yake gani a watanni shidan nan?

Alal misali, ga ɗalibar kimiyyar halittu an tura ta ɗakin gwaje-gwajen asibiti. A aji an koya mata yadda ake shafa ɗigon jini a kan gilashi, a rina shi da Giemsa, a nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta madubin ƙara girma. Sai dai bambance ƙwayar cuta da dattin rini sai ido ya saba, ido kuwa ba ya sabawa sai gwani ya zaunar da mai shi ya nuna masa. In aikinta ya tsaya ga rubuta sunayen majiyyata da wanke kwalabe, wata rana ita ce za ta ce wa mai taifot maleriya ke damunsa.

Su kuwa ɗaliban injiniya, tun da masaƙu da dama suka rufe a Kaduna da Kano, wasunsu sai dai su nemi mai sa musu hannu a littafin rahoto.

Kamata ya yi jami'o'i su daina auna ɗalibi da cikar littafin nan. In ya dawo, a ajiye masa madubi ko inji, ya yi aikin a gaban malamansa kafin a ba shi maki.