Kada A Yi Wa Karen Jamus Aski

Maganar wannan wata ta 'yan'uwanmu masu gadi ce, waɗanda iyalinsu ke Adjamé ko Treichville amma abincinsu yana gidajen Cocody da Marcory. Galibin gidajen nan akwai kare, irin wanda Faransawa ke kira berger allemand, mu kuwa mu ce karen Jamus. Maigida ke sayensa da tsada, amma mai gadi ake bar wa wanka da tsefe. In karen ya lalace, kowa ya san wanda za a sallama.

Na san wasu za su yamutsa fuska. To, a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a ajiye shi don kiwo da farauta da tsaron gona. Sauran bayani na bar wa malamai.

Asalin karen nan makiyayin tumaki ne. A shekarar 1899 wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar da ta tsayar da irinsa. Ƙasar sanyi ce, saboda haka rigarsa biyu. Akwai gashin waje, mai tsauri, wanda ruwa ke zamewa a kansa. A ƙarƙashi kuma akwai gashin ciki, mai laushi kamar auduga. Karnukan farauta na gida, ko na Buzayen Azawak, ba haka suke ba, shi ya sa abin da muka taso muka gani ba ya aiki a nan.

Babban kuskuren shi ne aski. Mutum ya ga kare yana haki a zafin watan Maris, tausayi ya kama shi, ya ɗauko almakashi ko injin wanzami ya yi masa ƙwal. Wannan ba taimako ba ne. Kare ba ya fid da zafi ta gumin fata irin namu. Ta haki yake sanyaya jikinsa. Gashin waje kuwa tamkar jinkar ɗaki yake, shi ke tare rana da ƙuda. Wa ya taɓa yaye jinka don ɗaki ya yi sanyi? In aka aske, rana ta ƙona fatar, sa'an nan gashin ciki ya riga na waje tsirowa, ya cukurkuɗe. Wani karen sai ya yi watanni da dama bai koma kamanninsa ba.

Abin da ke takura masa shi ne mataccen gashin ciki da ya zube amma ya maƙale. A Turai sau biyu a shekara yake zuba da yawa, a nan kuwa kusan kullum ne. Ga laimar Abijan, ga damina biyu, babba wajen Mayu zuwa Yuli, ƙarama Oktoba da Nuwamba. Gashin nan ya jiƙe ya ƙi bushewa, fata ta ruɓe a ƙarƙashi, ba mai gani sai wari ya tashi. Maganinsa matajin ƙarfe mai dogayen haƙora. Sau biyu ko uku a mako, da sanyin safiya, a riƙa buɗa gashin da hannu ɗaya ana tajewa daga fata zuwa waje, bi da bi yadda gashin ya kwanta. A fi kula da bayan kunne, wuya, hammata da cinyoyi. Minti 15 ya isa in ba a bari ya taru ba.

Wanka kada ya wuce sau ɗaya a wata, sai in ya yi birgima a ƙazanta. A taje kafin a jiƙa, a ɗauraye sabulun sarai, a busar har fata. Ban da Omo, ban da kananzir, ban da baƙin mai, ban da ruwan girezil na wankin masai. Kare yana lasar jikinsa, guba ce kake ba shi.

Lokacin tsefe ne kuma ake gano kaska, musamman cikin kunne da tsakanin yatsu. A kama ta dab da fata a zare a hankali. Haka nan tsutsar da ake kira ver de Cayor: wani ƙuda ne ke yin ƙwai a yashin inuwa mai fitsari, tsutsar ta shiga fata ta yi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, a dakata, a matsa ta fito. A riƙa share makwancin karen, don ƙudan nan ba ya barin yara ma. Kare in ya ƙi cin abinci, dasashinsa ya yi fari, a faɗa wa maigida ran nan ya kira likitan dabbobi.

Kafin ka sa hannu a jikin kowane kare, ka nemi a nuna maka takardar allurarsa ta ciwon hauka. In kuwa ya cije ka, wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ka nufi sashen rigakafin ciwon haukan kare na INHP da ke nan Treichville, ba tare da jiran gobe ba.